'Yar Inna Ta Tafi Kallon Giwa

Ranar Lahadi ce ta zo da maganar, ina tsaye ina tuƙa tuwo. A lokacin muna unguwar Glenwood a birnin Greensboro na Amurka, cikin wani ɗan gidan haya da ɗaliban jami'a suka kewaye gaba da baya, kekunansu har bakin matakalarmu. Babbar 'yata ta gama karatun jinya ta kama aiki a asibiti, kuma a farkon shekarar nan fasfonta na Amurka ya fito. Ta shigo kicin da wata takardar talla mai sheƙi, ta ajiye ta dab da tukunyar miya. A jikin takardar akwai hoton giwa da ɗanta, da wata mota mai buɗaɗɗen rufi, Turawa sun leƙo da kawunansu ta sama.

"Mama, an ba ni hutu," ta ce. "Zan je Afirka."

Saura kaɗan muciya ta suɓuce mini. Shekara da shekaru muna jiran wannan rana a gidan. Na yi hamdala, har na fara tunanin irin zanen da zan aika wa Inna, mahaifiyata, a Maradi.

"Tanzaniya," ta ƙara. "Safari. Kallon namun daji."

Na ci gaba da tuƙi, idona a kan tukunya. Na ce, "Wa muke da shi a Tanzaniya?"

"Babu kowa, Mama. Dabbobi kawai."

Ranar tuwon ya yi gudaji, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin faɗa.

Sai an san yadda muke da ita za a gane wahalar da na sha. Ita ce 'yar farina, kuma sunan Inna aka sa mata, saboda haka kunya biyu ce a kaina. Ban taɓa kiran sunanta ba tun da na haife ta. Da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, a bayan Inna ta yi barci, a kwanon Inna ta ci tuwo, har ta kai shekara tara aka kawo mana ita nan. In zan ambace ta sai in ce 'yar Inna, in tana gabana kuwa "ke" ta wadatar. A wurinmu uwa ba ta zaunar da 'yar fari ta ce faɗa mini abin da ke ranki. Wannan aikin kaka ne ko gwaggo. To kakar tana Maradi, gwaggon tana Maradi, aka bar ni a Greensboro da tambaya cike da baki, babu halin in yi ta.

Maganar dabbobin kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Wa ke ƙetare teku don ya kalli dabba? A Maradi masu wasa da kura har ƙofar gida suke kawo ta, mu kuma mu ruga ɗaki mu banko ƙofa. Raƙuman dawa na gan su da idona ta tagar mota a hanyar Yamai suna cin ganye, direba ko rage gudu bai yi ba. In ma lallai sai giwa, ga gidan namun daji nan kudu da mu, makaranta ta sha kai su tun suna yara. Amma a ce mace mai hankali, mai aiki, da sabon fasfo a hannu, kakar da ta goye ta na can tana jira, wai giwa za ta je gani? Na ce a raina akwai mutum a bayan giwar nan, kuma mai wando ne.

Maigidana tasi yake ja. Da ya dawo la'asar na miƙa masa takardar tare da ruwan sha.

"Malam, ka ga inda ɗiyarka za ta."

Ya sa tabarau, ya juya takardar gaba da baya, ya daɗe yana kallon wani jakin dawa kamar zai saye shi. Ya ce, "Yo ai Turawan unguwar Sedgefield da nake kaiwa filin jirgi can suke zuwa bakansi, hutunsu na shekara. Su dawo da hula da hotuna, fuska ta yi ja."

"Turawan Sedgefield ba su da kaka a Maradi."

"To ki tambaye ta mana."

Ya san sarai ba zan iya ba. Ya miƙo mini kofin ya tafi alwala, ya bar ni da jakin dawa a hannu.

Da akwatinta na fara. Ba na jin kunyar faɗa, duk uwar da ba ta taɓa buɗe akwatin 'yarta ba ta fito mu gan ta. Ranar da take aikin safe na shiga ɗakinta ina sa ran turare da lalle da sabon leshi. Abin da na tarar wanduna ne masu launin ƙasa, aljihu a gwiwa aljihu a cinya irin na masu gyaran famfo, da takalma masu nauyi, da maganin sauro, da madubin hangen nesa, da wata hula mai igiya a haɓa. Na ɗaga hular na dube ta da kyau. Duk macen da ta je wurin namiji da wannan hula, a filin jirgi zai bar ta. Hankalina ya ɗan kwanta. Amma kafin in rufe akwatin wani tunani ya faɗo mini: yarinyar nan ta san uwarta, ta san za a buɗe. Kayan kwalliyar suna iya zama a wurin aiki, cikin kabad ɗin da take ajiye rigar asibiti. Na mayar da komai yadda na same shi, na fito da zargin da ya fi wanda na shiga da shi.

Daga nan na nemi Anti, wata 'yar Jos da ke aiki a asibiti ɗaya da 'yata. Mawaƙiyar coci ce, kuma babu abin da ke wucewa a asibitin nan ba ta sani ba. Na kai mata dambun nama, muka gaisa, na zagaya na zagaya kafin na isa inda zan je.

"Anti, a wurin aikinku akwai mutanen wajen Tanzaniya?"

Ta dube ni ta saman tabarau ta yi murmushi. "Namiji kike nufi. Akwai ɗaya a ɗakin magani. Amma Maman yara, ki bar yarinyar nan ta huta, daga aiki sai gida take yi."

Washegari na hau bas na je na ga mutumin da idona, da sunan na kawo wa 'yata abincin da ta manta. Dattijo ne mai sanƙo, da zobe a yatsa, hoton jikokinsa manne a gefen tebur. Ya gaishe ni da ladabi. Na cire shi daga zargi, amma a bas ɗin dawowa na tuna dattijo ma yana iya samun ƙane.

Kitso nake yi a lokacin, a wani shago a High Point Road, tsakanin kantin da ke sayar da gero da busasshen kifi da wani filin tsofaffin motoci. Akwai wata 'yar Kenya da ke zuwa wurina. Ranar da ta zo, kanta na hannuna, na tambaye ta da ɗan Turancina ko mutanensu na zuwa kallon zaki. Ta yi dariya har kitson ya kuɓuce mini. Ta ce su a garinsu ganyen shayi suke nomawa, zaki na farko da ta gani a talabijin ne, a nan Amurka. Ta ce wannan harka ta Turawa ce, sai kuma sababbin aure masu zuwa shan amarci. Da ta ce amarci ban san na ja gashinta ba sai da ta riƙe mini hannu.

A gefe Hajiya na zaune tana jiran a gama. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Maradi, ta girme ni sosai, tana sayar da turaren wuta da atamfa daga bayan motarta. Ba ta jin Turanci sosai, amma fuskata ta karanta.

"Mi ya haɗa ki da zaki?" ta tambaye ni.

Na ce, "'Yar Inna ce za ta Tanzaniya hutu."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe tsohuwa za ta ga jikarta."

"Hajiya, Tanzaniya na ce."

"Na ji. Ai duk hanya ce. Wa zai sauka ƙasar baƙar fata ya koma bai ƙarasa gida ba? Sai dai maras kowa."

Na koma kan kitsona, domin abin da ta faɗa shi ne abin da ni ma na sani tun da na yi wayo. Mutanenmu sukan bi ta Faransa, su bi ta Maroko, wani ya sauka Kwatano ya sayi kaya, amma ƙarshen tafiya ƙofar gidan uwarsa ne. Wataƙila ma na so maganar Hajiya ta zama gaskiya.

Kafin ƙarshen mako falona ya cika da saƙo. Haka muke yi a nan, in mutum ɗaya zai je gida, gari duka ya tafi a cikin akwatinsa. Wannan ta kawo maganin ciwon gwiwa na babanta, waccan takalman makaranta na 'ya'yan ƙanwarta, wani dattijo ya kawo salula a naɗe cikin safa. Kowane ƙulli da sunan mai shi a rubuce a jikin salatif. Kowa ya shigo sai ya zauna ya sha shayi ya yi addu'ar Allah ya kai lafiya. Ni kuma in karɓa in ce amin in jera a bayan kujera, na rasa ta inda zan fara cewa yarinyar wurin giwa za ta. 'Yata tana fita da sassafe ta dawo a gajiye, ta ɗauka kayan Hajiya ne na sayarwa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne Hajiya na da katin waya. Ta kira ƙanwarta a Maradi ta ce a je gidanmu a karɓi saƙo in yarinya ta iso. Ranar Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, lambar ƙanena ce, wanda Inna ke zaune a gidansa. Haka suke yi in suna so a kira su. Na kankare katina na buga.

"An ce mini ɗiyata na tahe," Inna ta ce, ko gaisuwa ba mu gama ba. Muryarta ta koma ta yarinya. "Ku ba ku hwaɗa mini ba, sai a bakin mutane zan ji?"

"Inna…"

"Na sa an yi wa ɗakinmu shahe. Na sa an sawo rago, yana nan ɗaure gindin dalbejiya. Har yanzu tana son hura da nono mai tsami? Ki ce mata tabarmarta na nan."

Na buɗe baki in ce ba nan za ta ba. Abin da ya fito shi ne, "Tana so, Inna." Bayan na ajiye wayar na zauna a kan ƙullin maganin gwiwar mutane na yi kuka, kukan haushi, kuma ban san wa nake jin haushi ba, Hajiya ko yarinyar ko mai wandon da ban gani ba.

Da 'yata ta dawo na tare ta yadda na iya, ina yanka albasa, bayana gare ta.

"Inna ta ɗaure rago."

"Na salla?"

"Na baƙuwa. An ce mata baƙuwarta na zuwa."

Na ji ta ajiye jaka. Ta je ta leƙa bayan kujera, ta karanta sunayen da ke jikin ƙullin, ta dawo fuskarta a sauye.

"Mama, wa ya gaya mata? Ni ban ce zan je Nijar ba."

"Wanda zai je Afirka ai ba sai ya ce ba."

Ta ɗauko taswira a cikin wani tsohon littafinta na makaranta, ta shimfiɗa kusa da albasata. Ta ɗora yatsa ɗaya a Maradi, ɗaya a Tanzaniya, ta ce in dubi tsakani. Ta ce babu jirgin da ke haɗa su kai tsaye, hutun kuma gajere ne, kuma da ƙungiya za ta tafi, ranar fita da ranar dawowa duk a tsare suke. Rabi da Hausa rabi da Turanci ta yi bayanin, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. Na dubi yatsun nata. A takardar ko taƙi ɗaya babu tsakaninsu.

"Next year, Mama. Wallahi baɗi zan je. Ba ni lambar in kira Inna in gaya mata."

"Ki ce mata mi? Ki ce kin zo kin wuce ta don ki ga jakin dawa?"

Na ci gaba da yanka albasa, ina jira ko yanzu da abin ya kai nan za ta fito da sunan mutumin. Da ta faɗa da na san abin da zan gaya wa Inna, domin wannan uzuri ne da kowace tsohuwa ta sani. Ta naɗe taswirarta ta shiga ɗaki.

Babanta ne ya kai ta filin jirgi, da hular nan rataye a wuya. Ni kuma na bi gida gida ina mayar da saƙon mutane, abin da ban taɓa jin an yi ba tun da na zo ƙasar nan. Dattijon mai salula ya tambaye ni ko lafiya yarinyar take. Hajiya ta karɓi nata, ta ja ni cikin ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ki buɗe ido," ta ce a hankali. "Giwa ba ta kiran mutum."

Duk kwanakin da ta yi can, wayata na yin ƙara sau ɗaya ta katse, ni kuma ina kallonta. Na daina sayen kati. Na ce wa Malam in ƙanena ya same shi ya ce an ɗan samu jinkiri. Ban taɓa yi wa Inna haka ba, kuma abincin kirki ban ci ba a kwanakin nan.

Ta dawo ta yi baƙi, ta rame kaɗan, tana ta fara'a. Ta kawo mini gyale mai rubutu a gefe, ta kawo wa babanta gahawa. Bayan kwana biyu ta wanko hotuna, ambulan cike. Na jira ta fita, na zauna bakin taga inda haske ya fi, na sa tabarau na bi su ɗaya bayan ɗaya. Dabbobin ba su dame ni ba. Gefen hotunan nake dubawa, inda kafaɗar mutum kan leƙo, da ƙasa inda inuwar mai ɗauka kan faɗi, da gilashin mota inda fuska kan fito. Na ga giwaye, na ga ɓauna, na ga dorina ta buɗe baki, na ga zaki kwance yana barci kamar wanda ya ƙoshi da tuwo. Mutanen motar tsofaffin Turawa ne, mata da miji, masu furfura. Direban dattijo ne mai tasbaha rataye a madubi. A hotunan da ita ke ciki, inuwar mai ɗauka gajeriya ce mai faffaɗar hula da jakar mata. Na sake bi daga farko, sakamakon bai canja ba.

Tana shigowa ta same ni da su a cinya. Maimakon ta ji haushi sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama, ta fara ba ni labari. Ta ce da asuba suke fita, sanyi kamar na nan. Ta ce akwai ranar da garken giwaye ya tare musu hanya, direba ya kashe mota, kowa ya yi tsit, har tana jin ƙarar cikinsu da yadda suke tumɓuke ciyawa. Ta ce wata tsohuwar giwa ce a gaba, ita ta san inda ruwa yake, duk sauran bin ta suke, 'ya'ya da jikoki. Tana faɗa idonta na ƙyalli, ko a jikinta. Na tashi na je na duba murhun da ban ɗora komai a kai ba.

Da na dawo na yi abin da ban taɓa yi ba. Na zauna na dube ta ido cikin ido.

"Ke, wa kika je gani?"

Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta daina.

"Mama, abin da kike tunani ke nan duk kwanakin nan? Babu kowa. Wallahi babu kowa. Tun ina makaranta nake son in gan su a inda suke. Shi ke nan."

Na san fuskarta in tana ƙarya, gefen bakinta kan motsa irin na babanta. Bai motsa ba. Na yarda da ita nan take, kuma ban taɓa jin nauyi irin na wannan yardar ba. Makonni na yi ina farautar mutumin nan, ina tsoron in same shi, ashe shi ne rufin asirina. Da akwai shi da na yi faɗa, a kira dattawa, a yi bincike, a daidaita, komai ya zauna inda na san shi. Yanzu ga gaskiya an miƙo mini a fili: an ba ta fasfo da hutu, ta zauna ta zaɓa da kanta, kuma ba mu ta zaɓa ba. Ba ta yi don cin fuska ba, ba ta ma lura akwai zaɓi ba, wannan ya fi ci mini rai.

Ranar Lahadi da safe na je kantin da ke kusa da shagonmu na sayi kati. A gefen titi na zauna na kira, don kada kowa ya ji. Ƙanena ya miƙa wa Inna wayar.

"Kin ɓace," ta ce. "Ina ɗiyata? Kullum sai na sa an share tsakar gida."

Na gaya mata. Ban rage komai ba. Na ce ta je wata ƙasa can gabas mai nisa, ta yi kwanaki, ta koma Amurka, kuma kallon namun daji ta je. Ina jin kukan ragon daga nesa.

"Namun daji kamar mi?"

"Giwa, Inna. Da zaki."

"Saye za ta yi?"

"A'a, kallo kawai."

"Ta gan su ta dawo."

"I, Inna."

Sai na ji ta yi dariya, irin wadda take yi mini tun ina yarinya in na kawo mata labarin da aka yaudare ni da shi.

"Ke dai har yanzu ba ki yi wayo ba. Namiji ne."

"Inna, na duba…"

"Kin duba mi? Ni na goya ta. Ɗiyar da ta kwana bayana ba ta ƙetare ruwa ta wuce ni don giwa. Wurin dangin yaron ta tahi, kunya ta hana ta hwaɗa miki, ai ke uwa ce. Kar ki yi mata hwaɗa, kin ji ko? Ki sa a bincika a hankali. In yana salla, in yana da sana'a, ku ba shi. Nisa ba komi ba ne, ke ma ga inda aure ya kai ki."

Muryarta ta dawo daidai, har da ɗan zumuɗi. Ta fara tsara wa za a gayyata, da wadda za ta yi wa amarya lalle.

"Ragon kuwa ba zan saida shi ba," ta ce. "Ya zauna nan ya ƙara ƙiba. Ai dole su zo nan a ɗaura, a gabana."

Baturiyar cikin katin ta shigo ta ce saura minti ɗaya. Minti ɗaya ya isa in gyara maganar, kalmomin ma suna bakina. Na kalli motocin da ke wucewa a High Point Road.

Na ce, "To, Inna. Mi ake ba shi, dusa ko harawa?"